Kafin Malam Ya Taɓa

Ina da wani hali da ba na son faɗa, amma tunda ku ne, ga shi: duk abin da kwamfuta ta tambaye ni, eh nake ce mata. In ta ce tana son sabunta kanta, eh. In wani ɗan akwati ya faɗo a fuskarta ya ce injina ya yi nauyi, ga abin da zai wanke shi kyauta, eh. Ba rashin karatu ba ne, na iya karatu daidai gwargwado. Kunya ce. Abu ya tsaya a gabana cikin ladabi yana jiran amsa, sai in ji nauyin ce masa a'a. 'Yata ta ce da kwamfuta mutum ce, da tuni ta karɓe shagon ta bar ni da kujerar roba a bakin titi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni mai shagon buga takardu ne. Katin gayyata, takardun jarrabawar ƙananan makarantu, 'yar takardar da ake manna wa kwalba, duk abin da tawada za ta iya zama a kansa. Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan lungu. Daga ƙofa akwai kanta, bayan kanta injin bugu da injin yanka takarda, can jikin taga kuma teburin kwamfuta. Na haura hamsin, furfura ta gama da gemu ta fara hawa sama. Matata ta rasu tun 'yarmu tana ƙarama. Yanzu 'yar ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gari, tana kula da ni ta waya kamar majinyacin da ya gudu daga gado.

Teburin jikin tagar nan na Malama ne. Shekaru masu yawa ita ke zama a wurin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma, tana zaune a gidan yayanta. Mace ce marar hayaniya, mai tabarau da igiya a wuya, mayafinta kullum ruwan toka ko ruwan ƙasa, a goge tsaf har ana ganin layin ninki. Tana da matashin kujera da ta ɗinka da kanta, da kofi mai murfi wanda babu mai taɓawa. In tana buga rubutu ba ta kallon maɓallai, titi take kallo, yatsun suna aikinsu su kaɗai. Ita ke kunna kwamfuta da safe, ita ke shirya kowane aiki, ni kuma in buga, in yanka, in yi surutu da masu zuwa. Dokar shagon ɗaya ce, kuma ba ni na kafa ta ba: kada in zauna a kujerarta. Ina karya dokar duk lokacin da ta fita cin abinci. In ta dawo sai ta dubi fuskar kwamfutar, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambayi abin da na taɓa. In rantse ban taɓa komai ba. Sai ta yi 'yan danne-danne, injin ya mutu ya tashi, komai ya koma yadda yake. Ban taɓa tambayar yadda take yi ba. Na ɗauka tsoronta kwamfutar take ji, kamar ni.

Za ku ce ko ina sonta. To, fanka ɗaya ce a shagon, kuma shekara da shekaru ɓangarenta take kallo, ni ina gumi a bayan injin yanka. Na san ba ta shan sukari da yawa. Na san ranar da ƙafarta ke ciwo tun daga yadda take hawo matakalar ƙofa. Amma ban taɓa cewa komai ba. A ganina mutum mai furfura ba ya buɗe baki ya faɗi irin wannan magana, sai dai ya gyara fanka.

Yaya ce kaɗai ta gane. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni, kuma har yau ba ta sauke ni ba. Gidanta na bayan layinmu, kullum sai ta biyo ta shago da jakarta mai nauyi, ta zauna a kan kwalin takarda, ta yi mini lissafin laifuffukana. Ta sha ce mini matar nan ba kujera ba ce da za a bar ta a shago a rufe, a dawo gobe a same ta. Ni kuma in ce Yaya ta cika fassara.

Sai ga Mai Turare.

Ya zo ne a buga masa takardun kwalabe. Dattijo ne tsaf-tsaf, farar riga, agogo mai sarƙa, mota mai sanyi. In ya shigo ya fita, sai shagon ya yini yana ƙamshi, har takardun jarrabawar yara. Abin haushin shi ne mutumin kirki ne. Na yi iya ƙoƙarina in samo masa aibu, ban samu ba. Yana gaishe ni da hannu biyu, yana tambayar 'yata. Aikin da za a gama a zama ɗaya sai da ya zo masa sau ba adadi: yau a ƙara wa furen ja, gobe a rage, jibi a mayar da shi yadda yake. Yana tsaye a gefen teburin taga, Malama tana matsar da fure, ni ina yanka takardar da ba ta buƙatar yanka.

Wata ranar da rana, babu kowa a shagon sai mu biyu, Malama ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta cika cire shi ba. Ta ce, tana kallon titi, Mai Turare ya je ya ga yayanta a kan maganarta. Ta yi shiru. Yanzu na san shirun nan wuri ne ta buɗe mini, ta share shi, ta shimfiɗa tabarma. A lokacin kuwa zuciyata ta yi tsalle ta faɗi, bakina ya ga babu kowa a gida, sai ya kama aikin da ya saba.

Na ce, “Allah ya sanya alheri. Katin kuwa a nan za a buga, kyauta. Akwai takardar nan mai ruwan zinariya da na ɓoye.”

Ta dube ni, kallon da ban taɓa gani ba. Ta mayar da tabarau. Ta juya ga kwamfuta ta yi 'yan danne-danne, ba gaggawa. Sannan ta ɗauki kofinta, ta zare matashin kujera ta sa a hammata, ta ce ta gode da karamci, ta fita. Ko kwamfutar ba ta kashe ba. Washegari ba ta zo ba. Ta aiko saƙo gajere cewa tana buƙatar hutu, in nemi wani.

Ni kuma na yi abin da babban mutum yake yi in an ɓata masa rai: na yi fushi da kwamfuta. Injin yana da wurin shiga da sunan mutum, kamar ƙofa. Tata ce kaɗai a ciki, kuma a buɗe ta bar ta. Na zauna a kujerarta da ba matashi, na bi umarnin wani bidiyo, na buɗe wa kaina sabuwar ƙofa da sunana, na goge tata. Na ji daɗi na kusan rabin yini. Daga nan na shiga ce wa kowane akwati eh. Na sa abin wanke inji, na sa abin ƙara masa gudu, na sa wani da ya yi alkawarin zai kula da sauran biyun. Cikin 'yan makonni kwamfutar ta koma kamar tsohon da ya ci ya ƙoshi. In ka danna abu sai ka je ka sha ruwa ka dawo. Firinta ta daina gane ta, sai ka ce ba tare suka tsufa ba. Tallace-tallace suna faɗowa, har da na maganin sanƙo, wanda ban san wa ya gaya musu ba. Daga ƙarshe ta daina kaiwa ciki ma. Ta kunna, ta yi shuɗi, ta mutu, ta sake kunna kanta.

A ranar ne Yaya ta shigo da labari. Ba ta ko zauna ba. Ta ce ta haɗu da matar yayan Malama, an ce Mai Turare ya matsa, kuma Malama ta yi alkawarin ba da amsa ƙarshen makon nan. Ta ce in ina da abin faɗa in tashi in je yanzu, in ba ni da shi kuma in fara neman takardar zinariyar. Na ce da wane dalili zan je gidan mutane, bayan ni na yi mata fatan alheri da bakina. Yaya ta ce dalilin shi ne ni wawa ne, kuma kowa a gidan ya sani, ba za su yi mamaki ba. Na nuna mata kwamfuta, na ce ga aikin makaranta a ciki, shi ne a gabana. Ta ce ni da kwamfutar duka abu ɗaya ke damunmu, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Na kira 'yata lokacin hutunta. Ta sa na juya wayar tana kallon fuskar injin, tana cin abinci a tsaye da farar rigar aiki. Da ta gama dariya sai ta ce akwai hanya. Wai kwamfuta tana iya ajiye hoton lafiyarta na wata rana, yadda saitinta yake da manhajojin da ke cikinta, in ta rikice daga baya sai a ce mata ta koma wannan ranar. Zango-zango ne, in ji ta, mutum ya zaɓi wanda zai koma. Na tambaya ko aikin mutane zai ɓace. Ta ce a'a, takardu da hotuna suna nan inda aka ajiye su, abin da zai tafi shi ne duk tarkacen da na cusa mata bayan ranar, da duk saitin da na murɗa. Na ce ai ban cusa komai ba. Ta ce, “Baba, ina ganin tallan maganin sanƙo daga nan,” alhali injin ma bai buɗe ba. Yarinyar nan uwarta ta biyo.

Ta bi da ni ta wani shuɗin shafi da ke fitowa in inji ya kasa tashi. Danna nan, ba nan ba, Baba, na ƙasa. Har muka iso inda zangunan suke jere, kowanne da ranarsa. Na saman duk na kwanakin mulkina ne, injin ya ajiye su da kansa duk lokacin da na ce eh. Ta ce in sauka ƙasa, in nemi wanda ya riga ɓarna. Da na sauka sai na ga wasu masu suna da Hausa, wanda hannun mutum ya rubuta.

Kafin Malam ya taɓa.

Kafin Malam ya gyara firinta.

Kafin Malam ya taɓa, kuma.

Kafin in je asibiti in bar Malam da ita.

'Yata ta ajiye cokali, ta dafa bango don dariya. Ashe sirrin ke nan. Duk lokacin da Malama za ta tashi daga kujera sai ta kafa zango, ta san abin da zai biyo baya. Shekara da shekaru tana barina in yi wasana, ta dawo ta share, ba ta taɓa kai ƙarata ko wurin Yaya ba. Na ƙarshensu yana ɗauke da ranar da ta tafi. Danne-dannen nan da ta yi kafin ta ɗauki kofi, ina tsaye ina tunanin takardar zinariya, wannan take yi. Sunansa: Kafin Malam ya zauna shi kaɗai.

Dariyar 'yata ta tsaya. Ta ce a hankali, shi za mu zaɓa. Na ce na sani. Ta gargaɗe ni cewa in ya fara kada in kashe, kada in taɓa, kada in ce wa kowa eh, in sa hannuwana a aljihu. Aka kira ta, ta tafi.

Na zauna ina kallon wani ɗan layi yana rarrafe. Mai shayin maƙwabta ya leƙo ya ga na sa hannu a aljihu ina kallon inji, ya tambaya ko rasuwa aka yi. Can injin ya mutu, ya tashi, ya yi ɗan kukan nan nasa na da wanda na manta da shi. Firinta ta yi gyaran murya daga lungu, ta gane 'yar'uwarta. Na miƙe tsaye don murna.

Sai na ga ƙofar. Tawa, mai sunana, babu ita, domin a ranar da muka koma ba a haife ta ba. Ta Malama ce ta dawo, da sunanta da ɗan hoton fure, a ƙasa kuma farin akwati yana jiran kalmar sirri. Ban taɓa ganin akwatin nan da idona ba, don kullum kafin in gama buɗe tagogi ta riga ta shiga.

Jama'a, kada ku yi mini dariya. Na gwada sunan shago. Na gwada sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, da na mijinta marigayi, Allah ya jiƙansa, na nemi gafararsa kafin in danna. Na gwada lambar wayarta. Daga nan na waiga, na tabbatar babu mai kallo, na rubuta sunana. Injin ya ce ba daidai ba. Na sake rubutawa da manyan baƙaƙe, ko girmamawa yake so. Ya ce ba daidai ba. Ban taɓa jin inji ya yi wa mutum rashin kunya irin wannan ba.

Na aika wa 'yata hoton akwatin. Ta amsa da cewa wannan kam ba aikin jinya ba ne, mutum ɗaya ce ke da maganin, kuma ina da lambarta. Ta ƙara da hoton fuska mai rufe baki.

Na rubuta saƙo na goge, na rubuta na goge. Na farko ya yi kama da takardar kora, na biyu ya yi kama da waƙa. Wanda ya tafi shi ne: “Salamu alaikum Malama. Ya hutu, ya ƙafa? Kwamfuta ta koma ranar da kika tafi, tana neman kalmar sirri.”

Alamar ta karanta ta fito nan take. Amsar ce ta ɗauki lokaci, har na share kanta, na sake share ta.

“Wa ya nuna maka hanyar komawa?”

Na ce 'yata. Ta ce Allah ya yi mata albarka. Na ce amin, kalmar fa? Sai ta rubuto: “Ba a faɗar kalmar sirri a waya. Zan biyo bayan la'asar.”

Na rufe shago na ruga gida. Na fito da rigata ruwan sararin sama da nake ajiye wa taron iyaye, wadda yanzu maɓallin tsakiyarta yake aiki fiye da sauran. Na goge ta, na ƙona gefen aljihu kaɗan, na rufe wurin da biro. Na wanke hannu da sabulu har sau nawa, tawadar da ke ƙarƙashin farce ta ce ita 'yar gida ce. Na sayi sabon matashin kujera a hanya, na ɗora, na ga ya yi rawar kai da yawa, na ɓoye shi a bayan kwali. Na share ƙurar fanka, wadda har yanzu taga take kallo.

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar shago. Tun kafin in ɗaga kai hancina ya gaya mini ko ta wace ce. Mai Turare ya fito ya buɗe mata ƙofa. Malama ta sauko da mayafi kore, launin da ban taɓa ganin ta sa ba, har da ɗan aiki a bakinsa. Ta ce ya je gaida yayanta ne, ya ji za ta fito, ya ce ba za ta hau motar haya da ciwon ƙafa ba. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya yi mini jajen inji, ya zaro 'yar kwalba daga aljihu ya ba ni, wai sabon haɗi ne, zai dace da ni. Na karɓa na yi godiya. Takardar da ke jikin kwalbar ni na yanka ta. Ya ce zai jira a mota, yana da kira, kada mu yi gaggawa. Kun ga irin mutumin da Allah ya haɗa ni takara da shi.

Malama ta tsaya ta ƙare wa shagon kallo. Ta ga kofunan shayi a kan injin yanka, ta ga ƙurar da ke kan teburinta, ta ga biron da ke aljihuna da abin da yake ɓoyewa. Ta zauna a kujerar da ba matashi, ta gyara tabarau, ta ɗora yatsu a kan maɓallai.

Ta ce, “Juya baya, Malam. Kada ka waigo sai na ce.”

Na juya. Gabana bango ne da tsohuwar kalandar da muka buga wa wani mai sayar da taya. Na ji maɓallai sun fara ƙara, kas-kas-kas, ina ƙoƙarin ƙirga su ko in gane tsawon kalmar, suka wuce duk sunan da na sani. Ban san me ya faru ba. Wataƙila don ba ta kallona ta saman tabarau ne. Na dubi tayar nan ido cikin ido, na ji bakina ya buɗe.

“Malama, katin nan da na ce zan buga, ba zan iya ba.”

Ƙarar maɓallai ta tsaya.

“Tawada ce ta ƙare?”

“Akwai tawada. Sunan angon ne injina ba zai ɗauka ba.”

“To sunan wa yake ɗauka?”

Na ce akwai wani dattijo nan kusa, ba shi da mota, ƙamshinsa na tawada ne, kuma an shaide shi da taɓa abin da aka hana shi. Amma ya san sukarin shayinta, kuma tunda ta tafi bai juya fanka ɓangarensa ba ko sau ɗaya.

“Shi dattijon ciwon baki yake yi, da ya aiko ka?”

Na sake duban kalandar. Tayar ba ta taimake ni da komai ba.

“Ni ne, Malama. Tun da daɗewa ni ne. Ina so in je wurin yayanki, in kin yarda.”

Ina jin fanka, ina jin muryar Mai Turare daga mota yana yi wa wani bayanin farashin kwalba cikin haƙuri. Sai na ji maɓalli ɗaya, tak, injin ya yi kukan buɗewa. Ta ce in juyo. Fuskar kwamfutar ta dawo yadda na san ta, komai a wurinsa, aikin makaranta yana nan ba abin da ya taɓa shi. Fuskar Malama kuwa ban iya karanta ta ba. Ta cire tabarau tana goge shi da bakin koren mayafin, ta daɗe tana gogewa.

Ta ce, “Na ji.”

Shi ke nan. Na tsaya ina jiran sauran, babu saura. Ta mayar da tabarau, ta kafa sabon zango a gabana ba tare da ta bar ni na ga sunansa ba, ta miƙe. Na ce kalmar fa, ko za ta rubuta mini. Ta ce a'a. Ta ce kada in kashe injin, in kuma ya mutu da kansa, in kira ta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce matashin da ke bayan kwali ya yi tauri, a canza shi. Mai Turare ya buɗe mata ƙofa, ya ɗaga mini hannu, suka tafi.

Na kai wa Yaya rahoto kafin magariba. Ta sa na maimaita “na ji” ɗin da irin muryar da aka faɗe shi, har sau uku, tana juya shi kamar mai duba yadi. Ta ce bai zama eh ba, amma matar da za ta ce a'a ba ta duba taurin matashi. 'Yata kuma ta ce in bar murna tukuna, a asibiti ma suna ce wa mutum sun ji. Ni dai na kafa nawa lissafin a kan kalmar. Doguwar kalma ce, na ji da kunnena. Mace ba ta ɓoye doguwar kalma haka kawai. Na yanke cewa sunana ne a ciki haɗe da wani abu, wata rana da ta riƙe, wata magana da na taɓa faɗa na manta. Shi ya sa ta ce in juya baya, shi ya sa ba za ta iya faɗa a waya ba. Na kwana ina jera abubuwan kirkin da na taɓa faɗa a shagon nan, ban samu da yawa ba, amma na samu.

Da safe na canza matashin. Na buga aikin makaranta, firinta tana ta zuba kamar ba a taɓa ɓatawa ba. Wajen hantsi ina share ƙarƙashin tebur, wurin da ban taɓa sharewa ba tunda aka buɗe shagon, sai tsintsiya ta taɓa wayar wuta. Tsintsiya ce, jama'a. Injin ya mutu. Na mayar da wayar, ya tashi, ga fure, ga farin akwati.

Na rubuta mata: “Malama, ta kulle.”

Wannan karon amsar ba ta jima ba. “Ina hanya. Motar haya zan hau, zan ɗan daɗe. Ka ɗora ruwan shayi.”

Na karanta motar hayar nan har na haddace ta. Ina tsaye da waya a hannu, bakina har kunne, Yaya ta shigo. Na nuna mata saƙon, na nuna mata akwatin, na shiga yi mata bayanin doguwar kalma da abin da nake zaton yana cikinta. Yaya ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba a rayuwarta, wayarta ma jikokinta ke amsa mata. Ta saurare ni har ta gaji, ta leƙa akwatin, ta ce ita ba ta ga abin da aka kulle a nan ba, fari ne fes. Kafin in riƙe hannunta ta miƙa yatsa ta danna babban maɓallin nan na hannun dama, don shi ya fi girma.

Injin ya yi kukansa ya buɗe.

Malama ba ta taɓa sa wa kwamfutar nan kalmar sirri ba.